Jegon da Kifin Inna Yalwa Suka Yi

Ku da kuke zuwa rumfata a Bacirawa da waya a hannu, kuna nuna mini wani Bature yana ɗiga magani a akwatin kifi, kuna cewa ai aikin ke nan Baba, na ji ku, kuma ban yi fushi ba. Ni ma ranar da na fara ganin kifin ado a akwatin gilashi a falon wani attajiri, cewa na yi a raina wannan ai hutu ne ake biyan mutum ya yi. Akuya in ba ta da lafiya takan yi kuka ta tashi gida. Kaza takan saki fukafukai. Marar lafiyarmu kuwa, wato kifi, ba ya kuka, ba ya nuna inda ke masa ciwo, kuma in ka yi kuskure ba ya ba ka kwana biyu ka gyara.

Ni ɗan manoma ne daga wani ƙauye kusa da Ɗambatta, inda gona ke manne da gona har ba ka samun wurin ɗaure jaki ba tare da ya ci shukar wani ba. Da aka raba mana gonar mahaifinmu mu bakwai, abin da ya zo hannuna bai isa ya ciyar da ni da matata ba, sai na shiga Kano cirani. A can na faɗa hannun Baba Iro, tsohon masunci da ya yi wa wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa, aiki shekaru, mai shigo da kifin ado daga ƙasashen waje. Wata guda cur bai bar ni na sa hannu a ruwa ba. Ya dasa mini kujera a gaban akwati, in ya dawo daga zagayen gidaje ya tambaye ni me na gani. Rana ta farko na ce na ga kifi. Ya ce ko kyanwa ta san kifi ne, in koma in zauna. Sai da na iya gaya masa wanne ne bai ci abinci ba, wanne ke gogar jikinsa da dutse, wanne ya ware kansa a lungu, sannan ya miƙo mini tiyon zuƙe ƙazanta.

Aikin farko da ya tura ni ni kaɗai, gidan wani malamin makaranta ne a Bici, wanda ya aiko cewa kifinsa ya mutu. Irin kifin nan ne da ake kira loci, haka sunan yake a jikin ledar da ake kawo su. Jikinsa ruwan lemo ne da baƙin zane uku, yana da ɗan gashin baki kamar tarwaɗa, kuma a ƙasan akwati yake rayuwarsa. Na tarar da shi kwance a gefe ɗaya, ko motsi babu. Na yi wa malamin jaje yadda ya kamata, na naɗe hannun riga na sa hannu zan ɗauke gawa, sai gawa ta zabura ta soke ni a yatsa. Ashe barci yake. Haka loci ke barci, a kishingiɗe kamar mai gida bayan cin tuwo, kuma yana da wata 'yar ƙaya a ƙarƙashin ido da yake fitarwa in an dame shi. Da na dawo da yatsa a ɗaure, Baba Iro ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce da ma ya bar ni ne in je in gaisa da shi.

Saboda ƙayar nan ba a kama loci da 'yar koma, sai ta maƙale a zare, garin cirewa ka ji masa ciwo. Da kofin roba ake kora shi ciki. Kayan aikina duka ba su cika jakar makaranta ba: kofin nan, da tiyo, da ma'aunin zafi, da madubin ƙara girma da na saya wurin mai gyaran agogo, da kwalabe biyu na magani, shuɗi da kore. Abin da ba ya shiga jaka shi ne sanin cewa loci ba shi da ɓawo mai kauri irin na karfasa. Fatarsa kusan a tsiraice take, duk abin da ka zuba a ruwa kai tsaye yake shiga jikinsa. Maganin da takardar kwalba ta ce a ɗiga goma, shi biyar za ka ba shi. Gishirin da ake zuba wa sauran kifi su warke, shi in ka cika hannu ka gama da shi.

Akwai wani ɗan kasuwa a Kano da ya tsaya a kaina ina ɗiga shuɗin magani, ya ga ruwa ya yi launi, ya ce ashe abin ba wuya. Bayan wata biyu da kifinsa suka sake ƙin lafiya, ya ga bai kamata ya biya ni kuɗin mota ba, ya aika aka sayo bular wanki ya jiƙa ya zuba. Na je na tarar da ruwa ya yi shuɗi mai kyau ƙwarai, wanda in farar shadda aka tsoma za ta fito tas. Kifi dai ko ɗaya bai kai la'asar ba. Har yau in ya gan ni sai ya rufe baki da hannu, ni kuma sai in tambaye shi yaya wanki.

Sai shekarun wahala suka zo. Man fetur ya yi wuya, mutum ya kwana biyu a layi, wutar lantarki kuwa a yi mako ba a ga ƙyallinta ba. Akwatin kifi da wuta yake rayuwa: injin da ke hura iska a ruwa da hitar da ke riƙe ɗumi duka ita suke jira. Masu gidajen da nake zagayawa suka fara kashe janareto, ɗaya bayan ɗaya suka kwashe ruwan. Na ga akwatin da aka mayar ma'ajiyar tangaran, na ga wanda aka sa 'yan tsaki a ciki. Kwaran ya rufe shago, Baba Iro ya koma garinsu, ni ma na kwashi iyali na dawo ƙauye na kama fartanya. Na ɗauka na gama da sana'ar.

A ƙarshen wata damina, ana shirin yankan gero, Alhaji Sale mai hatsi na Ɗambatta ya aiko a kira ni. Shekarun baya ni na haɗa masa akwati da loci tara a falonsa. Da na isa sai ya wuce da ni cikin gida, ɗakin mahaifiyarsa, Inna Yalwa. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye tun bara, ba ta iya fita, shi ne aka mayar mata da akwatin gefen gadonta don ta riƙa kallo. Ta san kowannensu, har babban ta sa masa suna Maigari. A hanya Alhaji ya gaya mini biyu sun mutu a makon nan, kuma tun daga ranar Inna ta rage cin abinci. Ya ce shi kifi bai dame shi ba, tsohuwar yake ji.

Na gaishe ta, na durƙusa gaban akwati da madubina. Bakwai ɗin da suka rage duk jikinsu fararen ɗigo ne kamar an barbaɗa musu gishiri, suna goga jiki da dutse, suna numfashi da sauri. Ciwon sananne ne a wurinmu, farin ɗigo muke ce masa. Wani ƙaramin ƙwaro ne ke shiga fata ya zauna, kuma muddin yana ciki magani ba ya samunsa, sai ya ƙoshi ya faɗo ƙasa ya hayayyafa, 'ya'yan sun fito neman kifi, a nan ne magani ke kama su. Abin da ya fi tayar da shi kuma shi ne ruwa ya yi sanyi farat ɗaya. Na tambayi Alhaji ko akwai mai canza musu ruwa, ya rantse ba wanda ke taɓawa. Na zuƙe ƙazantar ƙasa, na ɗiga rabin shuɗin magani, na ce zan dawo gobe.

Washegari na taka kekena na dawo, sai na ga shuɗin da na bari ya koɗe kamar an kwana huɗu. Na ƙara. Jibi ma haka. A rana ta huɗu kifi na uku ya mutu, Inna kuma ta ture kwanon fura ta juya fuska bango. A nan hankalina ya tashi ƙwarai, domin na san maganina ba ya ƙarya, akwai dai inda yake tafiya. Na roƙi Alhaji ya bar ni in wuni a ɗakin. Aka shimfiɗa mini tabarma a bakin ƙofa, na zauna tun hantsi ina jan carbi ina kallo.

Bayan azahar zafin kaka ya sauko, ɗaki ya ɗauki ɗumi, kuma da yake babu injin iska sai kifin suka taso sama suna buɗe baki. Inna ta dube su ta ce Allah sarki, ga su nan sun fara haki. Ta jawo moɗa da hannunta mai lafiya, ta riƙa kwasar ruwan akwatin tana zubawa a baho, sannan ta buɗe randar da ke gefen gadonta ta riƙa ɗebo mai sanyi tana mayar musu. Na ƙirga moɗa goma sha biyar. Zubowar ruwan daga sama ta ɗan shigar musu da iska, suka koma ƙasa suka natsu, ta dube ni ta ce kullum sai ta shayar da su suke samun sauƙi. Ta miƙo mini moɗa ɗaya in sha. Ruwan ya yi sanyi har haƙori, ga kuma ɗan ɗaure baki na alif, domin rijiyar gidan ta gurɓace da damina, da alif ake kwantar da lakar. Na sha na yi godiya.

Da na tambayi Hajiya Binta, matar Alhaji, a tsakar gida, ta ce ai kowa ya san Inna na yin haka, amma tambayar da aka yi ta canjin ruwa ce, wannan kuwa shayarwa ce. Ban ga laifinta ba. A garinmu wanda ka ga yana haki ruwan randa ake ba shi, mutum ne ko dabba, kuma lada ake nema.

A zaure na gaya wa Alhaji abin da na gani. Ya ce, "Malam Hadi, don Allah kada ta ji. In ta san hannunta ne, wallahi ba za ta sake sa komai a bakinta ba." Ya kawo shawarar a fitar da randar, na ce za ta tambayi dalili, kuma tsohuwa ba a raba ta da randarta. Ya ce to a sayo wasu kifin a musanya. Na ce a shekarun nan ko Kano ka zagaye ba za ka sami loci ɗaya ba, kuma ko an samu, matar da ta san Maigari da fuska ba za a yi mata wannan ba. Shida suka rage, kuma a yadda na gan su ba za su ƙara mako ba.

A lokacin matata tana jego, kwananta goma da haihuwa. Da na koma gida da yamma na tarar an ɗora babbar tukunya ana hura mata wuta da kara, ga ganyen darbejiya a gefe, gwaggota na tsaye tana faɗa wai wa ya ajiye ruwan sanyi kusa da maijego. Na tsaya da keke a hannu ina kallonsu. Abin da nake so a yi wa kifin ke nan, a ɗumama su a hana su sanyi, domin ɗumi ne ke sa ƙwaron ya yi saurin faɗowa magani ya same shi. Ga shi kuma an ce mini rabin matan unguwarsu Alhaji, Inna Yalwa ce ta tsaya a kan jegonsu lokacin tana da ƙarfi.

Da safe na durƙusa gabanta na ce, "Inna, na gano ciwon. Irin na maijego ne, sanyi ne ya shige su. Ni magani kawai na sani, yadda ake kula da maijego kuwa kin fi ni sani." Ta juyo daga bango ta dube ni. Ta tambaya ruwan sanyi fa, na ce ko ɗigo. Sai ta ce a tayar da ita zaune, a kira mata Binta.

Ban taɓa ganin asibitin kifi irin wannan ba. Safe da yamma a tafasa ruwa a ɗura a kwalabe huɗu, a toshe, a saka su cikin akwati suna yawo, in sun huce a canza. Da yake Inna ba ta karanta lamba, na ɗaura jan zare a wuri biyu a jikin ma'aunin zafi, na ce kada ya wuce na sama, kada ya sauka ƙasa da na ƙasa. Bayan kwana uku ta daina duba shi, da bayan hannunta take aunawa, kuma duk lokacin da na gwada sai in tarar daidai. Da magariba a lulluɓe akwatin da bargo. Ruwan canji kuma daga rijiyar masallaci ake ɗebowa, babu alif, a bar shi a baƙar jarka a rana ya wuni. Ta so a jefa ganyen darbejiya a ciki, na ce a'a. Ta ce to kunun kanwa ko cokali ɗaya, na ce Inna ki rufa mini asiri. Muka daidaita a kan a ɗaure ganyen a saman murfi daga waje, ta ce ni dai likitan zamani ne, ba na jin magana.

Maganar iska kuwa, tiyub ɗin tayar mota na samo wurin mai faci, na haɗa shi da robar ƙarin ruwa da na saya a kemis. In aka cika tiyub da famfon keke, aka ɗan sassauta maƙullin robar, sai iska ta riƙa fita kaɗan-kaɗan tana kumfa a ruwa har wajen awa uku. Inna ta ce ba ta yarda da hannun kowa a kan famfon ba sai na ɗanta. Haka Alhaji Sale, mutumin da manyan motoci ke jiran sa hannunsa a kasuwa, zai tuɓe babbar riga ya duƙa yana buga famfo yana gumi, uwarsa na ce masa ya ƙara, ba ta ga kumfa ba. In lokacin ya yi yana kasuwa, sai ya bar awo ya taho. Abinci kuwa ba wanda ya sake roƙon ta. Ita da kanta ta ce a dama mata fura, wai mai tsaron maijego ba ta zama da yunwa.

A kwana na shida ɗigon ya ragu, Hajiya Binta ta ce an warke. Na ce a'a, yanzu ne ƙwaron yake ƙasa, wanda ya tsaya a nan shi ke sake sabon aiki. Muka ci gaba. Ranar kwana goma sha huɗu na bi su ɗaya bayan ɗaya da madubi, fata sumul, Maigari har yana ture sauran a wurin cin abinci. Na ce wa Inna an gama, a sauke tukunya. Ta ce ita ba ta taɓa jin jegon kwana goma sha huɗu ba, arba'in za a cika. Na yi mata bayani, ta ce in tafi da bayanina. Na rage mata kwalaben zuwa biyu don kada ɗumin ya yi yawa, na fito ina dariya, na ce wa Alhaji rigimar tsufa ce, a bar ta, karan dawa ne kawai zai ƙare.

Ranar arba'in ta aiko in zo. Na tarar an yi mata kitso, ta sa sabon kallabi, shida suna ta kai da kawowa a ruwa garau. A gefen gado ga sabulu sanda biyu, da ƙwaryar gero, da zane a naɗe. Ta ce hakkin ungozoma ne, ba ruwanta da cewa ni namiji ne, in ɗauka. Sannan ta aiki Hajiya Binta ta duba mata wani abu a madafa. Da muka rage mu biyu ta sassauta murya.

"Ɗan nan, randata ce, ko?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Ita ce, Inna."

Ta ce, "Tun da ka ce ko ɗigo na gane. Kwana goma sha huɗun naka ne, na magani. Ashirin da shidan nawa ne, na ukun da na kashe." Ta gyara zaman hannunta mai ciwo a cinya da ɗaya hannun. "Kada ka gaya wa Sale. Yana ganin ya ɓoye mini, ka bar shi da abinsa."

Kunya ta kama ni a kan dariyar da na yi mata. Na tattara sabulun da geron da zanen, na yi mata sallama na fito. A zaure Alhaji ya tare ni yana goge hannu, ya ja ni gefe ya tambaya a hankali ko dai Inna ta fahimci wani abu. Na ce masa a'a, Alhaji, ba ta fahimci komai ba.